Kuka Shida: Yadda Tsohuwar Kwamfutar Baffa Ta Sake Tashi

A cikin kayan da aka kwaso daga gidan Baffa na unguwar Sabil, lokacin da aikin rushe tsofaffin unguwannin Jidda ya iso gare su a shekarar 2022, akwai wani kwali da aka ɗaure da igiyar leda, wanda babu mai kula da shi sai shi kaɗai. An jefa shi a ɗakin shirgi na sabon gidan da suka kama haya, ya ci gaba da shan zafi da laimar bakin teku, har zuwa wata Juma'a da na je gaishe shi bayan an sauko daga masallaci, ya sa jikansa ya jawo kwalin zuwa tsakiyar falo. Da aka kwance igiyar sai ga akwatin kwamfuta irin na kwance, wanda farinsa ya rine ya koma ruwan ƙasa, ga maɓallin Turbo a gabansa, ga ɗan ramin makulli, ga kuma bakin da ake zura faifan fulofi.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma a hannunsa na zauna lokacin da nake koyon gyaran kwamfuta a shagunan titin Khalid bin Walid. Ya ce a 1994 ya sayi kwamfutar domin lissafin kasuwancinsa, amma lissafin bai dame shi ba yanzu. A cikinta ya rubuta labarin da mahaifinsa, wato kakana, ya ba shi da bakinsa kafin rasuwarsa: yadda suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, suka yada zango a Sudan suna noma suna tara guzuri, kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Da Hausa ya rubuta shi, cikin haruffan Larabci, kamar yadda ya koyi ajami tun yana makarantar allo.

"Ɗana," in ji shi, "ina so in sake karanta maganar tsohon nan kafin idona ya ƙarasa tafiya. Jona ta mu gani."

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ka yi haƙuri kada a jona ta yau. Ka ba ni ita in tafi da ita, in duba cikinta tukuna."

Bai ji daɗin amsar ba, na ga haka a fuskarsa, amma da na juya akwatin na nuna masa bayansa sai ya yi shiru. A jikin akwatin wutar akwai wani ɗan jan makunni da ake turawa gefe, kuma yana kan lamba 115. Duk wanda ya zauna a tsofaffin gidajen Jidda ko Makka ya san cewa a ɗaki ɗaya ana samun soket iri biyu, na bolt 127 wanda mutane ke kira ɗari da goma, da kuma na 220, kuma a na farkon Baffa yake jona kwamfutarsa. Tun 2010 hukuma ta yanke shawarar mayar da wutar gidaje zuwa 230, saboda haka sabon gidansa ba shi da ƙaramar wutar ko ɗaya. Idan makunnin yana kan 115, akwatin wutar yana ninka abin da ya shigo masa ne, don haka da an jona shi a wannan falon da sai dai a ji fashewa da warin ƙuna, kuma babu tabbacin ɓarnar za ta tsaya a akwatin wutar kaɗai. Yawancin tsofaffin na'urorin da ake kawo mini a mace, a hannun wanda ya yi ɗokin gwada su suka ƙarasa mutuwa, bayan sun jure shekaru a ajiye lafiya lau.

Abin da na fara yi a shago shi ne cire faifan ajiya, mai ɗaukar megabait 340, domin amanar tana cikinsa, kuma duk sauran kayan ana iya samun madadinsu. Wayoyin da ake sayarwa yanzu masu haɗa faifai mai tsohuwar mahaɗa ta IDE da kafar USB sau da yawa ba sa gane faifan wancan zamani, domin shi da lissafin silinda da kai da sashe ake kiransa, su kuwa da sabon tsarin lambobi suka saba. Na jona shi a wata kwamfuta ta farkon shekarun 2000 da nake ajiye da ita saboda irin wannan rana, na kunna, na kasa kunne. Ya yi wani ɗan gurnani, sannan ya ɗauki juyi. Ban buɗe fayil ko ɗaya ba sai da na kwafe shi dukkansa da manhajar ddrescue, na ajiye kwafin a wuri uku. A daren ne kawai na yi barci da kwanciyar hankali a kan wannan aiki.

Mai karatu zai iya tambaya, tunda an sami rubutun, me ya rage? Da na buɗe fayilolin a sabuwar kwamfuta, tarkacen alamomi na gani, domin manhajar Larabcin da Baffa ya yi amfani da ita tana da nata tsarin jera haruffa da nata salon ajiye shafi, kuma ajamin da ya cika da wasali ya ƙara rikita lamarin. Gaskiya ne akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, irin su DOSBox da 86Box, kuma da rubutun kaɗai ake nema da ta nan zan bi. Amma Baffa ya ce a gabanta yake so ya zauna, da kibod ɗin da ya buga maganar mahaifinsa da shi, ni kuma a raina ina ganin dattijon da ya riƙe ni ya cancanci 'yan makonni daga lokacina.

Babban allon da komai ke zaune a kansa, wanda Larabawa ke rubutawa lauhatul umm, masu shago kuma ke ce wa mazarbod ko bod a taƙaice, irin na zamanin 486 ne. A kansa akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Intel 486 DX2 mai gudun megahaz 66, wadda ta fito a 1992, da ramukan ISA baƙaƙe da ake cusa katuna a ciki, biyu daga cikinsu da ƙarin jela ruwan ƙasa ta VLB, da sandunan memori 8 masu ƙafa 30, kowanne megabait 1. Na zare shi daga akwatin, na kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi, na kai shi bakin taga inda hasken rana yake, domin fitilar shago tana ɓoye abubuwa da yawa.

A kusurwar da ake jona kibod na ga abin da nake tsoro. Masu ƙera allunan wancan lokaci suna liƙa wani ɗan batir mai siffar ganga, mai bolt 3.6, na nikel da kadmiyom, domin ya riƙe agogo da saitin na'ura idan an kashe ta. An yi shi ne ya yi 'yan shekaru, ba a yi shi don ya kai 30 ba. Idan ya tsufa sai ya fara tsiyayar da ruwan cikinsa, wanda ɗan'uwan ruwan tokar nan ne da iyayenmu mata ke dafa sabulu da shi, kuma kamar yadda ruwan toka ke cin hannu, haka wannan ke cin jan ƙarfe. Na Baffa ya yi furfura fara a kawunansa biyu, daga ƙarƙashinsa kuma wani kore mai shuɗi-shuɗi ya bazu kamar faɗin tafin hannun yaro, ya hau ƙafafun wata doguwar aisi, wato baƙar ƙwayar lantarkin nan da ake rubutawa IC, mai ƙafa 40, ya shiga bakin ramin ISA na farko. Jijiyoyin jan ƙarfen da ya kamata su yi ƙyalli a ƙarƙashin koren fentin allon sun yi baƙi, wasu sun kumbura kamar jijiyar ƙafar tsoho. Laimar Jidda mai gishiri ta taimaka masa, domin wannan ruwa yana jan danshi daga iska, yana ci gaba da tafiya ko bayan batirin ya daɗe da mutuwa.

Na datse batirin da fulaya maimakon in narkar da dalmarsa, saboda dalmar da wannan ruwa ya ci ba ta narkewa da daɗi, kuma zafin da za a yi ta sa mata yana iya ɗaye jan ƙarfen da ya rage. Sannan na ɗiga farin ruwan khal, wato ruwan tsamin da ake girki da shi, a wurin, wanda nan take ya fara 'yar kumfa, alamar tsamin yana kashe kaifin tokar. Na goge da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batirin mota, na bi da sifirit domin ya kori ruwan daga ƙarƙashin aisi, na jingine allon gaban fanka kwana biyu. Khal ɗin ma idan aka bar shi ci yake yi, don haka ɗaurayar ba abin wasa ba ce.

Kafin wuta ta taɓa allon, sai mitar awon wuta ta taɓa shi. Wutar irin wannan allo tana shigowa ta filogi biyu masu waya shida-shida, P8 da P9, kuma akwai layuka huɗu: bolt 5 da bolt 12, da kishiyoyinsu na ƙasa da sifili. Na auna kowane layi da ƙasa, wato layin sifili, uku suka nuna lafiya, na bolt 12 kuwa mita ta yi ta kuka, alamar layin ya haɗe da ƙasa kai tsaye. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a allunan wannan zamani wanda ake fara tuhuma shi ne kafasitar tantalom, 'yar ƙarama mai kama da ƙwayar wake da aka tsoma a fenti ruwan ɗorawa. Idan ta lalace haɗewa take yi, in aka ba ta wuta kuma ta fashe da tartsatsi. Na riƙa ɗaga ƙafa ɗaya ta kowace da ke kan layin ina aunawa, a ta uku mita ta yi shiru. Mai maikrofarad 10 ce, an rubuta mata bolt 16, wanda kusancinsa da 12 bai bar mata sarari ba, don haka na sa mai bolt 25 a gurbinta. Wanda zai yi wannan aiki ya lura, zanen da ke jikin tantalom ƙafar tabbatacciyar wuta yake nunawa, saɓanin kafasita mai gwangwani wadda zanenta ke nuna ɗaya ƙafar, kuma masu gyara da yawa sun juya ta saboda sabo.

Akwatin wutar na mayar da makunninsa kan 230, na gwada shi shi kaɗai da wani mataccen faifai a matsayin kaya, domin irinsa ba ya daidaita wuta idan babu abin da ke ja. Lambobin sun fito daidai, kuma wayar nan ruwan lemo da ke shaida wa allo cewa wuta ta zauna ta hau zuwa bolt 5 bayan ɗan lokaci kaɗan, kamar yadda ya kamata. Ban shawarci wanda bai koya ba ya buɗe cikin wannan akwati, domin manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta mai kisa bayan an zare filogi, kuma a tsarin AT wutar gida ce tsagwaronta ke zuwa har makunnin gaban kwamfuta. Wajen jona P8 da P9 kuwa ƙa'ida ɗaya ce da kowane tsohon mai gyara ya haddace: baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Filogin yana yarda a juya shi, allon ne ba ya yafewa.

Na shimfiɗa allon a kan kwali, babu komai a jikinsa sai furosesa da 'yar lasifika, na kunna. Fankar akwatin wuta ta juya, furosesa ta fara ɗumi a ƙarƙashin yatsana, amma lasifika ba ta ce uffan ba.

A nan ne sanin yadda kwamfuta ke tashi yake da amfani, domin matakan tashinta su ne matakan binciken. Da farko wuta ta zauna, sai akwatin wuta ya aiko da shaidarsa, sai agogon allo ya fara bugawa, sai a saki layin riset da ke riƙe da furosesa. Da an sake ta, furosesa ba ta san komai ba sai adireshi ɗaya da ke can ƙurewar sama, inda take zuwa ta ɗauko umarninta na farko daga aisin BIOS, mai ɗauke da manhajar tayar da kwamfuta. Daga nan BIOS ke bin kayan allon ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa, gwajin da ake kira POST, kuma kafin kowane mataki tana rubuta lambarsa a wata kafa da ake kira 80. Idan ta tarar da matsala kafin sikirin ya samu, sai ta faɗa da kukan lasifika. Allon da babu memori a jikinsa, in dai furosesa da BIOS suna aiki, dole ya yi kukan rashin memori. Shirun da na ji yana nufin tafiyar ta tsaya tun kafin a kai nan.

Na san wannan duka, amma duk da haka na karkata ga zargin furosesa ba tare da hujja ba, kuma wannan ya ci mini kwana huɗu. Na bi 'yan hulunan nan da ake kira jamfa ɗaya bayan ɗaya ina gwada su da jadawalin da aka buga a jikin allon, na tabbatar an saita gudun allo a megahaz 33, wanda DX2 ke ninkawa a cikinta ya zama 66, kuma wutarta tana kan bolt 5. Na tafi harajin Sawarikh da ke kudancin gari ranar hutu, na yi ta tona tulin tsofaffin kwamfutoci cikin rana har na samo wata 486, na kawo na sa, ina kaffa-kaffa da kusurwar da aka yanke domin juya ta yana ƙona ta. Shirun bai canza ba. Furosesar wancan zamani ba ta cika mutuwa haka kawai ba, kuma da na tsaya na auna kafin in tafi kasuwa da na gane hakan tun ranar farko.

Abin da ya dawo da ni hanya shi ne ɗan katin POST da ake cusawa a ramin ISA, mai nuna lambobin kafa 80 a fitilu biyu, da wasu ƙananan fitilu na wuta da agogo da riset. Fitilun wuta huɗu suka kama, ta agogo ta kama, ta riset ta haska ta mutu kamar yadda ake so. Wurin lamba kuwa babu komai. Ma'anar wannan a fili take: an saki furosesa, ta tafi neman umarninta na farko, ba ta samo ba. Na sa sukundireba siriri na ɗaga aisin BIOS a hankali daga gefe zuwa gefe, wata 27C512 mai ƙafa 28 da takardar AMI, kamfanin da ya rubuta BIOS ɗin, a manne a bayanta. Ƙafafunta sun yi baƙi ƙirin, kuma a cikin soket ɗin, ramuka biyu na ɓangaren da ke fuskantar batir sun yi kore, harsunan ƙarfen da ke cikinsu sun saki. Na karanta aisin a na'urar karatu, abin da ke cikinta ya fito daidai sau uku a jere, na ajiye kwafinsa, na kankare ƙafafun, na cire tsohon soket na dasa sabo.

Da na kunna, lasifika ta yi kuka uku, ta huta, ta sake uku. A tsarin AMI kuka uku ƙorafi ne a kan kilobait 64 na farkon memori, kuma daidai ne tunda babu memorin. Ban taɓa jin daɗin ƙarar ƙorafi kamar wannan ba, har maƙwabcin shagona ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Na goge bakin sanduna huɗu na cusa a rukunin farko, domin kowane mai ƙafa 30 bit 8 yake bayarwa, 486 kuma bit 32 take ɗauka a lokaci guda, don haka ƙasa da huɗu ba ya aiki. Na sake kunnawa, lambobi suka yi ta gudu a katin, sannan suka tsaya cak, lasifika ta yi kuka shida.

Kuka shida a AMI yana nuni ga aisin da ke kula da kibod, wato 8042, da abin da ake kira ƙofar A20, kuma labarin wannan ƙofa yana bayyana dalilin da ya sa lalacewar kusurwar kibod ke hana kwamfuta duka tashi. Furosesar 8088 da ke cikin kwamfutar IBM ta 1981 layukan adireshi 20 gare ta, iyakarta megabait 1, kuma idan lissafi ya wuce nan sai ya zagayo ya koma farko. Wasu masu rubuta manhaja suka dogara da wannan zagayowa. Da IBM ta fitar da samfurin AT a 1984 da furosesa 286 mai iya wuce megabait 1, sai aka ga tsofaffin manhajojin za su rikice, don haka aka sa ƙofa a kan layi na 21, wanda ake ƙirgawa A20 saboda daga sifili ake farawa, aka ɗora buɗe ta da rufe ta a kan wata ƙafa da ta yi saura a aisin kibod. Tun daga nan aisin kibod ta zama mai gadin memori, kuma masu ƙera allo suka zaunar da batir mai tsiyaya a gefenta.

Wannan ita ce doguwar aisin da kore ya hau ƙafafunta. Na sa madubin ƙara girma a ido, na ɗauki mita da tsinin allura a bakin wayoyinta, na fara bin ƙafafu 40 ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowace in bi jijiyarta har inda ta nufa. Aiki ne na dare, bayan sallar isha'i, lokacin da titi ya lafa kuma babu mai shigowa da wayar da ta faɗa ruwa. Jijiya biyu na samu a yanke a sarari, inda na kankare fentin da bakin reza sai na tarar babu jan ƙarfe a ƙasa, sai wani baƙin gari da ya bi reza ya tashi. Na kankare gaba da baya har na kai ga ƙarfe mai ƙyalli, na shafa masa dalma, na ɗora siririyar waya mai kaurin gashin doki, na gada tsakani. Na kunna da kyakkyawan zato, kuka shida ya dawo.

Ta ukun ta ɓuya ne a inda ido ba ya kaiwa. Jijiyar tana tafiya lafiya a saman allo har zuwa wani ɗan rami da bai fi tsinin allura ba, inda take nutsewa ta fito ta bayan allon. Daga sama mita tana kuka har bakin ramin, daga ƙasa ma haka, amma tsakanin sama da ƙasa babu komai, domin ruwan batir ya gangara ciki ya cinye jan ƙarfen da aka shafe bangon ramin da shi. Na zare silin waya ɗaya daga cikin wata tsohuwar igiyar wuta, na zura shi ta ramin kamar mai saka zare a allura, na liƙe shi da dalma sama da ƙasa, na yanke saura. Allunan nan hawa huɗu ne, akwai shimfiɗar wuta da ta ƙasa a tsakiya, don haka ban yarda na sa abin huda a ramin ba, gudun kada in haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Bayan haka na bi duk sauran ramukan da ke yankin na auna su, na shafe gyaran da fentin kariya.

Kuka shida ya tafi, takwas ya zo, wanda ke nufin memorin katin hoto, kuma wannan bai wuce datti a bakin katin ba, abin goge fensir ya share shi. Sai sikirin ya yi haske, rubutun AMI ya bayyana, lasifika ta fara 'yar ƙyas-ƙyas ɗin nan tana ƙirga memori, kuma da na mayar da sauran sanduna huɗun lissafin ya cika megabait 8. Ta yi ƙorafin cewa saitinta ya goge, agogonta kuma ya koma 1980.

Ban mayar da batir mai ganga ba, kuma ba na ganin hujjar mayar da shi a kowane allo. A kusa da gurbinsa akwai 'yan ƙusoshi huɗu da aka tanada domin batirin waje, waɗanda ba sa tura caji, sai na jona musu ƙananan batura 3 irin na rimot a cikin gidansu na roba, na ja wayar nesa, na manne gidan a bangon akwati inda ko sun tsiyaya ba za su taɓa allo ba. Masu liƙa batirin CR2032 a gurbin tsohon kai tsaye suna manta cewa allon yana tura caji ta nan, shi kuwa ba a yi shi don caji ba, sai an sa masa dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a tsakani. Faifan asali ma ban mayar ba, na naɗe shi na ajiye. Na zuba kwafinsa a katin CompactFlash mai megabait 512 da ɗan allon da ke mayar da shi IDE, na shiga saitin BIOS na zaɓi nau'i na 47, na rubuta adadin silinda da kai da sashe daidai da abin da ke rubuce a bayan tsohon faifan, domin da wannan lissafi aka tsara shi tun farko, kuma in an saɓa adadin kai ko na sashe, DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ba za ta ga hanyarta ba. BIOS ɗin wannan zamani ba ta ganin abin da ya wuce megabait 504, saboda haka babban kati ba shi da wani amfani a nan.

Ranar da na mayar masa da ita, na ɗora ta a kan ƙaramin tebur a falo, na jona kibod ɗinsa mai faffaɗan filogi na ƙafa 5, wanda haruffan Larabcin da ke kansa suka goge a wuraren da yatsa ya fi taɓawa. Baffa ya gyara zaman tabarau, ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa teburin. Ban nuna masa komai ba, yatsunsa ne suka tuna sunan manhajar, suka buga shi. Shafin ya buɗe daga dama zuwa hagu, farin rubutu a kan shuɗi, ya fara karantawa a bayyane da muryar da yake karatun Alƙur'ani da ita, jikokinsa da aka haifa a nan, waɗanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, suka zagaye shi. Da ya kai inda kakana ke ba da labarin rijiyar da suka tarar a ƙafe bayan sun baro Abeche, sai ya tsaya, ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe bai ce komai ba.

Daga baya ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Akwai saura a fulofi, suna cikin wata jaka, ban san inda yaran nan suka sa ta ba."

Na ce, "Amin, Baffa. A nemo jakar, amma kada a zura ko ɗaya tukuna, domin na'urar fulofin ban wanke kanta ba, kuma faifan da ya sha laima yana iya yin fumfuna ya kankare a juyin farko."

An samo jakar a makon da ya biyo baya, da faifai 11 a ciki, uku daga cikinsu da farin tabo a fuskarsu idan aka ja murfin ƙarfen aka duba a haske. Suna kan teburina yanzu, kuma da waɗanda ba su da tabon zan fara.